Kwalbar Tana Cikin Jakata

Duk wanda yake jinyar wani, ina roƙonsa ya karanta wannan zuwa ƙarshe kafin ya sake ce wa maras lafiya, "Kawo in ajiye maka." Ni na faɗi wannan maganar, da kyakkyawar niyya kuwa, kuma har yau ina zaune da abin da ta haifar. Mijina yana raye, alhamdu lillahi. Yana cin tuwonsa, yana tsokanata yadda ya saba. Gani ne babu.

Sunansa Malam Buba, amma a unguwar Bolari sai ka ce Buba mai zane za a gane wanda kake nema. Shagonsa yana kusa da tasha. A nan yake rubuta allunan shaguna, yana zana zaki da dawisu a bayan manyan motoci da keke mai ƙafa uku. Wannan shi ne abincinmu. Abin da ransa ke so kuwa zanen barkwanci ne: ya dubi mutum, ya ga abin da ya fi yawa a jikinsa, ya ƙara masa girma. Mai tumbi ya zama tumbi da 'yan ƙafafu, mai surutu ya zama baki zalla. Yakan liƙa su a bangon shago, direbobi da 'yan kamasho su taru suna dariya, har wanda aka zana ya zo da faɗa, ya ƙare da roƙon a ba shi ya kai gida. Ni dai shekara ashirin da uku da aurenmu ban taɓa yarda ya zana ni ba. Na san hancina, na kuma san mijina.

Ni malamar firamare ce a Nasarawo, kuma ba na musun abin da ake faɗa a kaina: ina da son tsari, ina da faɗa. Jakata baƙa ce, ƙatuwa, duk wani abu mai muhimmanci a gidan yana cikinta, daga makullai har katin asibiti. Malam mantau ne na ƙarshe, ya sha zuwa masallaci da takalminsa ya dawo da na wani. Shi ya sa kome nake karɓa in ajiye. Hedimasta yake kirana, ko da yake ban taɓa riƙe muƙamin ba.

In zai zana mutum yana da yadda yake yi. Sai ya rufe idon hagu, ya miƙe hannun dama sosai, fensir a tsaye, ya riƙa saukar da babban yatsa a jikin fensirin yana auna tsawon hanci da faɗin goshi. Ba ruwansa da ko gidan biki ne ko layin mai. Ɗan littafin zanensa kullum yana aljihun gaba.

Yana kuma da wani tsohon littafi da bangonsa ya yage, wani direba ya kawo masa daga Garwa ta ƙasar Kamaru. Da Faransanci aka rubuta shi, Malam ko kalma ɗaya bai iya ba, hotunan yake bi. Wani makanike ɗan Kamaru ne ya zauna ya fassara masa labarin mai zanen. Bafaranshe ne da ya rayu tun kafin Turawa su ci ƙasarmu. Ya zana sarkinsu da ƙaton ciki yana haɗiye dukiyar talakawa, aka kulle shi wata shida. Ya fito bai daddara ba, ya koma kan lauyoyi da alƙalai, yana kuma zana talakawa a cunkushe cikin jirgin ƙasa. Da ya tsufa, ya makance.

"Kin ga malamina," in ji Malam, yana buga littafin a cinya. "An kulle shi, ya makance, duniya ta san shi. Ni ko bayan kanta ba a taɓa kai ni ba. Ta ina zan yi suna?"

Kullum nakan ce masa bakinsa ya sari ɗanyen kashi. Ban taɓa son wannan wasan ba.

Ciwon ya zo a shekarun da gari ya rikice. Bam ya tashi a wata tasha, ya sake tashi kusa da wata kasuwa. Kowa na kallon jakar kowa. Aka jera buhunan yashi a mararraba, in ka iso shinge sai ka sauka daga keke ka taka, ɗan acaɓa ya kashe mashin ya tura. A irin wannan lokaci, mutum ya ce idonsa na ɗan yi masa nauyi, wa zai saurare shi?

Da kunnuwa abin ya fara, ba nasa ba, na mutanen da yake zanawa. Ya zana wani kansila babu kunne, tasha ta ɗauka. "Wallahi Buba ka iya, ai dama ba ya jin kowa." Ya zana wani dillali, shi ma babu kunne, aka ce ai shi ma haka yake. Kusan wata biyu duk wanda ya hau bangon nan gundulmi ne, ana ta yaba masa sabon salo. Ni ma na yi dariyar. Sai ranar da na ga ya zana Dada, mahaifiyarsa, tana tankaɗe, ita ma ba kunne, ba ma gefen ɗankwali. Na ce, "Malam, ita kuma Dada wa ta ƙi ji?" Ya daɗe yana kallon takardar, ya juya kai hagu, ya juya dama, sannan ya ce bai gama ba ne. Na san ya gama, don na ga ya sa hannu a ƙasa.

Satin da ya biyo baya ya yi tuntuɓe da gwangwanin fenti sau biyu, alhali shi ya ajiye shi a gefensa. Kafaɗarsa ta riƙa dukan bakin ƙofa. Wani mai keke ya goge shi da madubi, ya dawo gida yana cewa keken daga sama ya faɗo. Ya rubuta wa wani mai shayi allo, haruffan ƙarshe suka sauka a bango. Da yamma kansa na ciwo, in ya dubi fitila sai ya ce yana ganin zobe mai launi ya kewaye ta.

Maimakon asibiti, kemis muka tafi, kuma wannan shi ne ƙorafina na farko, a kan kaina. Mai kemis ya leƙa idon da tocilar waya ya ce ciwon ido ne na yayi, ya ba mu wani maganin ɗigawa. Jan da idon ya yi ya ragu, muka ce an dace. Sati uku muna ɗigawa.

'Yan uwa kuma kowa da nasa. Dada ta aiko da madarar da aka tatso da safe a wanke idon, ta ce haka aka yi wa mahaifinsa a ruga. Wata maƙwabciya ta kawo kwalli da zuma. Wani ya ce akwai mutumin da ke zuwa ranar kasuwa yana kwantar da yanar ido da allura, nan take ka ga gari. Hamma Sale, yayan Malam, shi bai kawo magani ba, hukunci ya kawo. Ya zauna a tabarma ya ce, "Buba, shekara nawa ina faɗa maka? Halittar Allah kake karkatarwa mutane na dariya. Ido da aka yi wannan aikin da shi, ai ka san za a tambaye shi." Ni na tanka, fiye da yadda ya kamata ƙanwa ta tanka wa yayan miji, har Hamma ya tashi bai sha ruwan da na kawo ba.

A sati na biyar da fara tuntuɓen na ɗauki hutu a makaranta na kai shi babban asibiti. Ana idar da asuba muka fita, amma muka tarar da layin bincike a bakin ƙofa ya kai titi, maza gefe, mata gefe. Daga nan layin kati, daga nan layin ɗakin ido. Baranda cike da mutanen da aka kwaso daga garuruwan da aka ƙona, wasu a kwance a kan zannuwansu. Malam ya zaro ɗan littafinsa yana zana masu jira, na ƙwace, na ce ba a tasha muke ba. Ya lallashe ni na mayar masa. Ranar ba mu ga likita ba, aka ce mu dawo jibi.

Likitar mace ce, 'yar Kaltungo, ba ta da yawan magana. Ta ɗora masa wani ƙarfe a ido ta auna, ta sake aunawa. Ta ce ya rufe idon dama ya faɗi yatsu nawa ta ɗaga. Ya ƙura ido. Ya ce, "Likita, kin kashe wutar ne?"

Ba ta kashe ba. Idon hagun ya riga ya tafi, shi kansa bai sani ba.

"Yaushe rabonka da ka duba wani abu da wannan idon shi kaɗai?" ta tambaye shi.

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Shekara talatin shi nake rufewa in zan yi aiki."

Ta ce sunan ciwon gilakoma, wasu na ce masa hawan jinin ido. Ruwan cikin ido ne ke taruwa yana danne jijiyar gani, yana cin ta daga gefe zuwa tsakiya, shi ya sa kunnuwa suka fara ɓacewa. Na nuna mata maganin kemis, ta juya kwalbar ta jefa a kwandon shara, ta ce irinsa ƙara hawan yake yi. Sannan ta faɗi maganar da na haddace kamar karatu: "Abin da ya tafi ya tafi, ba ya dawowa. Gadin abin da ya rage muke yi." Na dama saura kamar rabi. Za ta yi masa aiki nan da sati huɗu, ranar wata Alhamis, don layin masu jira da tsawo. Kafin nan ga magani, ɗigo ɗaya safe, ɗigo ɗaya yamma. Ta dube ni, ba shi ba, ta ce, "Malama, hawansa ya yi yawa ƙwarai. Kada a tsallake ko rana ɗaya. In aka yi sati babu, ban san abin da zan tarar ba."

Ta kuma koya masa gwaji. Ya miƙe hannu da fensir, ya kafa ido a gaba, ya riƙa matsar da fensirin gefe har ya ɓace. In ya ga wurin ɓacewar na matsowa tsakiya, mu dawo ba sai ranar ta yi ba. Malam ya ce, "Likita, wannan ai sana'ata ce." A nan ne kawai na ga ta yi murmushi.

Muna fita daga ɗakin magani ya ɗauki kwalbar zai zura a aljihun gaba, kusa da littafinsa. 'Yar ƙarama ce, ba ta kai babban yatsana ba. Na ce, "Kawo in ajiye maka. Kai da ka manta takalminka a masallaci." Ya miƙo mini ba musu, ya ce, "To, Hedimasta."

Sati uku muka yi lafiya lau, kuma ina alfahari da su. Bayan asuba da bayan magariba ya kwanta ya ɗora kai a cinyata, in buɗe fatar idon da yatsu biyu in ɗiga. Ban tsallake ko sau ɗaya ba. Da aka rufe hanya maganin ya yi wuya a gari, na zaga shaguna har na samo na ajiya. Ciwon kan ya tafi. Na hana shi fenti, na hana shi rana, gwajin fensir kuwa na matsa masa kamar ɗan aji uku. In na ga ya zauna shiru sai in ce, "Ka gwada?" Har ya saba, ko ina ya tsaya sai ka ga ya miƙe hannu.

Ranar Litinin, saura kwana uku aiki, muka je aka ɗebi jininsa aka sake auna idon. Likita ta ce ya sauka, ta ji daɗi. Muka hau keke bayan azahar. A wani shinge aka sauke mu, kuma ranar binciken ya tsananta, an ce an samu labarin wani abu. Aka raba mu, maza layi, mata layi, tsakaninmu faɗin titi. Ina riƙe da jakata a buɗe ina jiran a zo kaina, na waiwaya in ga ko rana na dukansa.

Yana tsaye a layi, idon hagu a rufe, hannu a miƙe, fensir a tsaye, ya saita shi daidai kan buhunan yashi. Har yau ban sani ba ko gwajin likita yake yi, ko fuskar jami'in da ke bayan buhunan ce ta burge shi. Shi ma ya ce bai sani ba, hannun ne ya tashi da kansa.

Aka daka masa tsawa. Biyu suka zo suka fizge shi daga layi, suka zaro littafin daga aljihunsa. Daga inda nake ina ganin ana buɗe shafukan, kuma na san abin da ke ciki: ƙofar asibiti da masu gadinta, cikin tasha, layin mai, shingaye biyu da muka saba wucewa, fuskokin jami'ai. A idon wanda bai san Buba mai zane ba, wannan littafin mai leƙen asiri ne. Na ji yana cewa, "Yallaɓai, zane ne kawai, ku tambayi kowa a Bolari." Aka ɗaga rigarsa aka rufe masa kai da ita, aka tura shi bayan mota.

Abu ɗaya ne ya zo mini, kwalbar. Na fita daga layi a guje, hannuna cikin jaka ina lalube, ina kiran a tsaya. Ban tuna a wane zamani nake ba. Mace da hijabi, da ƙatuwar baƙar jaka, hannu a ciki, tana gudu ta nufi shinge. Layin mata ya watse, kowa ya kwanta a ƙasa. Na ga bakin bindiga uku sun juyo kaina. Wani ya ce in ƙara taku ɗaya zai harbe ni. Na tsaya. Aka ce in jefar da jakar, na jefar. Aka ce in durƙusa in ɗaga hannu, na durƙusa. Ina durƙushe a kan kwalta motar ta tashi da shi, tsakanina da ita bai fi taku ashirin ba.

Da suka zazzage jakar suka ga makullai da alli da katin asibiti, sai suka ce in tattara in ɓace, in gode wa Allah. Na nuna musu kwalbar ina kuka, na ce idonsa ne, ɗaya ya rage. Wani daga cikinsu, mai ɗan shekaru, ya ce, "Madam, mu ba mu san inda za a kai shi ba." Na yarda da gaske bai sani ba.

Da magariba ta yi na zauna a inda muka saba, kwalbar a hannuna, ba kan da zan ɗora a cinya. Ɗigo na farko da aka tsallake ke nan.

Washegari likita ta rubuta mini takarda da hatimi, cewa mutumin nan maras lafiya ne kuma zai makance in ba a ba shi magani ba. Da ita na riƙa bin ƙofofi. Nan a ce ba ya nan, can a ce in koma inda na fito. A wata ƙofar mai gadin ya ce ba sa karɓar ruwa daga waje, wa ya san abin da ke ciki. Na buɗe kwalbar na ɗiga a idona a gabansa, ya yi mini zafi har hawaye suka zubo. Ya kawar da kai ya ce ko ya karɓa, bai san wa zai ba ba.

Ranar Alhamis na tafi asibiti ni kaɗai, ban san dalili ba. Ina zaune a benci nas ta fito da takarda ta kira sunansa. Ta kira sau uku, ta ja layi a kai, ta kira na gaba.

A unguwa kuwa abin da ya fi ci mini rai shiru ne. Maƙwabciyar da ta kawo kwalli da zuma ta daina amsa sallamata. Masu shagunan kusa da nasa suka yage duk zanen da ke bango, kada a zo bincike a haɗa da su. Ban zarge su ba sosai, a lokacin in aka ɗauki mutum, wanda ya tambayi inda yake ma yana iya bin sa. Dada ta daina cin abinci, tana zaune da carbi tana ta faɗin "Buba am", wato Bubana.

Wanda ya tsaya, Hamma Sale ne. Kwana na biyu ya zo, bai yi mini maganar abin da ya wuce ba, ya ce, "Ki ba ni littafin nan nasa na Nasara." Na ɗauka ƙona shi zai yi. Ashe shaida yake tarawa. Ya je wajen mai unguwa, ya je wajen liman, sannan ya bi direbobin tasha ɗaya bayan ɗaya, duk wanda Malam ya taɓa zanawa ya kai gida. Wasu suka ɓuya. Tara suka yarda. Sai a kwana na goma aka gano inda yake, a na sha ɗaya aka ba su izinin ganin babban jami'in wurin.

Ni a waje aka bar ni, Hamma ne ya ba ni labari. Ya ce direbobin suka jeru, kowa riƙe da mummunan hotonsa a ƙirji. Babban ya dubi zanen mai tumbi, ya dubi mai tumbin a tsaye, ya yi ƙoƙarin daurewa ya kasa. Ya buɗe ɗan littafin Malam, ya ga wani yaronsa da haƙora kamar na zomo, ya kira shi ya tsaya a gwada. Hamma ya buɗe masa littafin Bafaranshen ya ce, "Ranka ya daɗe, ga wanda ya lalata mana shi. Ni ma ba na son aikin nan, amma ƙanena ba ya kashe ko kaza." Aka yi dariya, aka ce a yi haƙuri, yanayi ne. Ɗan littafin dai ba su mayar ba.

Kwana goma sha biyu. Ya fito yana bin bango da hannu, Hamma na riƙe da gwiwar hannunsa. Na tsaya a gabansa, ya wuce ni da kallo, sai da na yi magana ya juyo da kai yana neman inda nake. Idon ya yi ja, ya yi tauri kamar tsakuwa. A bakin titi na zaunar da shi na ɗiga masa, ko kunyar Hamma ban ji ba.

Likita ta auna. Ta yi aikin a satin, ba ta sa mu a layi ba, Allah ya saka mata. Amma ta gaya mini gaskiya a baranda: abin da ya rage ɗan huji ne a tsakiya, kuma jijiyar ta riga ta gaji, da wuya ya kai damina. Maganin za a ci gaba da shi ne don kada idon ya riƙa ciwo.

Na kasa haɗa ido da shi, ko da yake ba ya ganina. Wata rana bayan ɗigon safe na ce, "Malam, da kwalbar tana aljihunka." Bai bari na ƙarasa ba. Ya ce, "Da sun ƙwace ta tare da fensirin. Bar wannan maganar, Hedimasta." Na riƙe wannan amsar da hannu biyu, da ita nake samun barci.

Bayan kamar sati biyu direbobi suka zo gaishe shi, yana ba su labarin ɗakin da aka tsare su, yana kwaikwayon kowa suna dariya. Ya zo kan wani tsoho mai hawan jini da aka kama da ƙwayoyinsa a aljihu. Ya ce kullum da safe mai gadi zai leƙo ya ce, "Baba mai magani," ya miƙa masa guda ɗaya da ruwa, ya ce duk wanda aka kawo da maganinsa ba a hana shi. Ina bakin ƙofa da tiren shayi. Ya ji ƙarar kofuna, ya yi shiru a tsakiyar magana. Ashe tun a can ya san da kwalbar tana aljihunsa, da ba a hana shi ba. Kwana goma sha biyu yana jin ana kiran tsohon nan, ya san inda tasa kwalbar take.

Da baƙin suka tafi na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce ba abin yafewa, ni na riƙe masa ido sati uku, shi da kansa da bai kai kwana uku ba. Na ce duk da haka. Ya taɓa gefen idonsa ya ce, "To, in kina son biya, ki zauna in zana ki. Saura kaɗan a rufe shagon."

Na zauna. Kwana uku muna yi, da hantsi, a tsakar gida inda haske ya fi yawa. Ba ya iya ganin fuskata gaba ɗaya, sai ya bi ta gutsure-gutsure ta ɗan hujin nan, ya duba ido, ya sunkuya ya nemo takarda, ya ɗago ya nemo baki. Bai miƙe hannu ya auna ba ko sau ɗaya. Ina zaune ina jira, na san ƙa'idarsa, abin da ya fi yawa a jikin mutum yake ƙara wa girma. Da can hancina nake tsoro. Yanzu jakar nake tsoro. Na riga na shirya ganin ƙatuwar baƙar jaka da 'yar mace a rataye a jikinta, kuma na san na cancanta.

Da ya miƙo mini takardar, ba jaka. Ya zana ni ne daga ƙasa, yadda mai kwance a cinya yake ganin wanda ya sunkuyo kansa. Haɓa, ƙofofin hanci biyu manya, goshi a tattare, baki a ɗan buɗe ina ƙirga. Layukan ba su haɗu ba, ido ɗaya ya fi ɗaya sama. Rabin takardar kuwa hannu ne, ƙaton hannu mai yatsu biyu a buɗe, da 'yar kwalba, da ɗigo ɗaya yana shirin faɗowa.

"Haka na fi ganinki," in ji shi. "Na sa kunnuwa?"

Na duba. Ya sa ɗaya, ɗayan ya sauka a kan katakon da ya ɗora takardar. Na ce ya sa.

Hujin ya rufe kafin ruwan farko. Yanzu yana bambance rana da inuwa, shi ke nan. Ya ce ya cika sharuɗɗan malaminsa biyu, kullewa da makanta, saura yin sunan, ni kuma na daina ce masa kome in ya yi wannan wasan.

Abin da nake so a ɗauka daga wurina ba shi da yawa. In mutum ya fara karo da abin da ke gefensa, a kai shi a auna idon, kada a tsaya kemis. Kowa ya riƙa rufe ido ɗaya yana duba ɗayan, lokaci zuwa lokaci. Sannan maganin da ran mutum ko ganinsa ya rataya a kai, a bar shi a jikinsa, kome mantuwarsa. In ana tsoro, a nemi na biyu a ajiye. Ni a lokacin ina da na biyun ma, duka biyun suna jakata. Ina godiya ga likitar, da Hamma Sale, da direbobi tara. Wanda ya rufe masa kai da riga, ban san sunansa ba, kuma na gaji da neman abin da zan ce masa. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sa kada wani ya ga irin zamanin nan kuma.

Kwalbar yanzu a aljihun gaba take zama, inda ɗan littafin yake a da. Bai taɓa mantawa da ita ba, ko sau ɗaya. Ana idar da asuba zan ji ya lalubo ta, ya miƙo hannu inda yake zaton nake, ya ce, "Hedimasta, lokaci ya yi." In na ɗiga, sai ya buɗe tafin hannu, in mayar masa.